Fuskar da Ke Bangon Tasha

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Direba ya shigo gidan ƙanwarsa ba sallama. Auta tana tsakar gida tana wanke burushin fentin mijinta a cikin tsohon gwangwanin madara, hannunta duk kananzir. Mijin, wanda unguwa ke kira Mai Alli saboda ba a raba bayan kunnensa da guntun alli, yana zaune a bakin ƙofar ɗaki yana gyara ƙafar wata akuya da ya zana a takarda.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Auta. "Yau ba lodi ne?"

"Ɗauko mayafinki. Baba na kira."

"Lafiya dai?"

"Tambayi wannan da ke zaune kamar bai san komai ba."

Mai Alli ya ajiye fensir ya miƙe. "Yaya, ka zauna mana a kawo ruwa."

"Ba ni shan ruwan gidan da aka kai ƙanwata tasha aka manna a bango. Yau wani ƙaramin kwandasta, wanda na girme wa ubansa, ya dube ni ya ce ƙanwata ta fi ni jan fasinja. Auta, mayafi na ce."

Ta dubi mijinta. Bai ɗago ido ba. Ta goge hannu a gefen zane, ta bi bayan yayanta.

Ga yadda abin ya faro. Shekara biyu ke nan da aurensu, auren da mahaifinta, tsohon tela, bai so ba tun farko. Yakan ce bai ga sana'a ba a ɓata bangon mutane. Auta ce ta dage har ya sakko. Mai Alli yana zana allon shaguna, da kawunan aski a ƙofar masu aski, in ya dawo gida kuma ya yi ta zanen dabbobi a takarda, ba mai saye, ba mai kallo sai matarsa.

Sai shugaban tashar mota ya gaji da masu fitsari a jikin dogon bangon da ke kallon titi. An rubuta gargaɗi, an sa tara, duk a banza. Wani ya ba shi shawara a zana mutane a wurin, domin da wuya mutum ya kwance wando ana kallonsa. Aka kira Mai Alli. Ya zana mai facin taya, da tsohuwa riƙe da kwandon kaji, da 'yan makaranta suna tsallaka titi. A tsakiya ya zana wata mace ta leƙo ta tagar mota tana dariya.

Mai Alli ba ya ƙirƙiro fuska daga kansa. Hannunsa yana bin abin da idonsa ya fi gani. Da ya gama, ya tsallaka titi don ya duba aikin daga nesa, sai ya ga wushirya, da ɗan tabon da ke girar hagu, da yadda kumatu ke lotsawa. Matarsa ce. Fentin bai bushe ba a lokacin, da ya so da ya sauya hanci ya toshe wushiryar. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tattara gwangwanayensa ya tafi gida, bai faɗa mata ba.

Fitsari ya tsaya cak. Amma kafin wata ya ƙare kwandastoci sun raɗa wa wurin suna. "Wushirya, akwai mai sauka?" Samari suna tsayawa ɗaukar selfi, wasu har da manna kumatu a jikin bangon. Direba kuwa a nan yake lodi kullum.

Washegarin tafiyar Auta, Mai Alli ya je shagon surukinsa ya durƙusa a gefen keken ɗinki. Tsohon bai daina taka keke ba sai da ya kai ƙarshen hannun riga, ya yanke zare da haƙori.

"Baba, ku yi haƙuri. Ban yi da niyya ba."

"Ni ma aikin hannu nake ci, yaro. Tun ba a haife ka ba nake ɗinka wa matan mutane kaya. Na san awon kowace mace a layin nan, ban taɓa faɗa wa wani awon matar wani ba. Kai na ba ka 'yata ka ajiye a ɗaki, ka kai ta inda 'yan tasha ke tofar da yawu."

"Zan gyara, Baba."

"Ranar da na wuce ban gan ta a bangon nan ba, ka zo ka ɗauki matarka. Kafin nan tana wurina."

Mai Alli ya sayo farar ƙasa, ya jiƙa, ya shafe fuskar har shafi uku. 'Yan tasha suka kewaye shi suna tsiya. Wani ya ce, "Maigida ya sa amarya a lalle." Tela ya zo da kansa, ya ga fari fat, ya ce sati mai zuwa ƙanwarsa Gwaggo za ta rako Auta.

Kafin satin ya zo aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, tun hantsi har la'asar. Da gari ya waye, farar ƙasar ta zube a gindin bango kamar madara. Idanu suka fara fitowa, sannan girar, sannan dariyar, a dushe, kamar mai leƙe ta bayan labule. Mutane suka taru fiye da da. Hoton ya shiga wayoyi, ana ta tura shi da sunan matar da ta ƙi goguwa.

Tela ya aiko da magana ɗaya: an yi masa wasa da hankali, kada a sake zuwa masa shago.

A cikin kwanakin nan wata budurwa mai tabarau ta zo neman Mai Alli har gida. Ta ce ita edita ce a kamfanin buga littattafai.

"Malam, aikinka ya yi bala'in kyau, musamman yanzu da farin ya zuzzube," in ji ta. "Muna haɗa littafi kan masu zanen titi, kuma wannan fuskar muke so a bangon littafin. Ranar Asabar zan turo mai kyamara. Don Allah kada ka taɓa komai. Irin wannan damar sau ɗaya take zuwa."

Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan. Ya raka ta bakin titi, ya dawo ya zauna cikin ɗakin da ba kowa, gwangwanin madarar yana nan inda Auta ta bar shi, burushin ya bushe a ciki.

Da yamma ya je bayan gidan surukinsa, ya roƙi Gwaggo, ƙanwar tela, ta fito masa da matarsa.

"In yayana ya ji, ni zai yanka," in ji Gwaggo. "Ina nan zaune a bakin ƙofa, kuma kunnena ƙalau yake. Kada ka zana ni ni ma, ban yi kwalliya ba."

Auta ta fito. Ta rame. Ya ba ta labarin editar da sauri, yana cewa in littafin ya fita Baba zai ga sana'ar ba wasa ba ce, a yi haƙuri zuwa Asabar kawai.

"Ka gama?" ta ce.

"Auta, ruwa ne ya wanke. Ban san zai..."

"Kada ka yi mini ƙarya, ni ba Baba ba ce. Shekara biyu ina wanke maka burushi. Ka ɗauka ban san farar ƙasa ba ta kama fentin mai ba? Yaron da ya fara koyo jiya ya san haka. Da ka so rufewa, da fentin mai ka sa, ko ka kankare. Ka shafa abin da ka san ruwa zai wanke."

Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Ban iya ba ne," ya ce a hankali. "Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba."

"Na sani. Na je na gani, na rufe fuska na tsaya a tsallaken titi. Ban san ina da kyau haka ba sai ran nan. Na yi kuka." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Amma ina tsaye wani ƙato ya zo ya sa leɓe a kumatuna abokinsa na ɗauka. Kai kana gida. Fuskar nan tawa ce, Mai Alli. Da ita nake zuwa kasuwa, da ita nake gaida surukai. Ka ɗauka ba ka tambaye ni ba, ka rufe ba ka tambaye ni ba, yanzu za ka sayar, ka zo kana tambayata in jira Asabar."

"To me kike so in yi?"

"Ba zan faɗa maka ba. In na faɗa, gobe ka ce ni na kashe maka sana'a. Na yi faɗa da ubana a kanka sau ɗaya, ba ni da ƙarfin na biyu."

Ta shige gida. Gwaggo ta tashi tana kaɗe zane. "Ka ji dai. Ni ban ce komai ba."

Ranar Juma'a da safe Mai Alli ya zo tasha da tsani, da guduma, da ƙarfe mai kaifi. Ya fara daga girar hagu. Siminti yana faɗowa gutsure-gutsure, kowane guntu da ɗan launinsa. Wannan karon ba wanda ya yi tsiya. Shugaban tasha ya zo da faɗa, ya ga idon mutumin, ya koma ofis. Mai Alli ya ci gaba da sara har bulo ya fito, tafin hannunsa ya fashe, jini ya ɓata ƙotar guduma. Sai ga mota a bango da taga, ba kowa a ciki.

Direba yana jingine da motarsa yana kallo tun farko. Da Mai Alli ya sauko, Direba ya miƙa masa tsumman goge gilashi don ya ɗaure hannu.

"Sunan wurin fa?" in ji Direba. "Shi ma za ka sare shi?"

"Wannan ya fi ƙarfina, Yaya."

"Ya fi ƙarfin kowa." Ya buɗe ƙofar mota. "Zan faɗa wa Baba abin da na gani."

Editar ta zo ranar Asabar da mai kyamara, ta tsaya a gaban ramin ta riƙe baki. "Malam, ka san abin da ka yi wa kanka kuwa?" Ya ce ya sani. Littafin ya fito da aikin wani a bangonsa, kuma wancan mutumin ne aka gayyata ƙasashe.

Tela ya zo ya shafa bulon da hannu, ya juya ya tafi. Da la'asar Gwaggo ta rako Auta ɗakinta. Amma tsohon bai sake taka gidan ba, in Mai Alli ya je gaisuwa sai ya amsa a taƙaice yana kallon allura. Haka har ya rasu shekarar da ta biyo.

Bayan wani lokaci editar ta tuna da akuyoyin da ta gani a teburinsa, ta kira shi ya yi zanen dabbobi a littafin koyon karatu na 'yan firamare. Daga nan wasu littattafan suka biyo, sannan bangayen makarantu da na asibitin yara a garuruwa da dama. Sana'ar ta riƙe gidan, ba ta kai shi inda ya yi mafarki ba. Bai ƙara zana fuskar kowa ba sai ya je ya tambayi mai ita, in mace ce ta yi shawara da wanda take so ta yi shawara da shi.

Da furfura ta fara fito wa Auta, wata rana ta zauna a gabansa ta gyara ɗankwali. "To, yau na ba ka izini. A takarda, mu ajiye a akwati."

Ya zana ta sau da yawa a wannan makon. Kowane zane ya fito mace mai kyau, mai wushirya, amma ba ita ba. Hannun ya ƙi. Ta duba na ƙarshen ta daɗe, ta ce, "Ba laifi. Ai ina nan." Ya juya fuskarsa ga bango.

Haƙurinsu ya dawo musu da aurensu, kuma sun zauna lafiya. Sai dai masu tasowa su sani, son mutum ba ya mayar da shi kayanka. Abin da yake nasa a tambaye shi tun kafin a taɓa, domin tambayar da aka jinkirta tana zuwa da tsada, kuma ba duk abin da aka kankare ke dawowa ba.

Waɗanda suka rage bayan haka su ne: Mai Alli, da ido ɗaya da ya fara dushewa, da Auta, da 'yarsu guda, wadda kakanta bai rayu ya gani ba, Direba, da ya bar tuƙi saboda ciwon baya, yakan zo ran Lahadi ya ci abinci, sai Gwaggo, da ta koma gidansu da zama, ta kurumce, ana yi mata magana da hannu.