Karanta Min Har Ƙarshe

A gwajin waƙa suka haɗu. Auta ta ja murya ta kauce, mai piyano ya ɗago ya yi murmushi, ya bi ta da kiɗa har ta dawo hanya. Shekararta sha tara. Kafin wata uku yana kiranta Muryata.

Babanta dattijon coci ne, mai horo kamar ba shi ya haifa ba. Wata 'yar ƙungiyar waƙa da ke son mai piyanon ta kai masa gulma. Ya ƙwace wayar Auta, ranar Lahadi ya tsaya gaban mawaƙa ya karanta da ƙarfi:

“Muryata, mu haɗu bayan coci ƙarfe huɗu, kar Baba ya sani.”

Ya kife wayar. Ya karɓe rigar waƙarta, ya sa ta durƙusa kowa na kallo.

Gwaggo, yayarsa, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta fizge wayar ta kai wa telan layinsu.

“Karanta min. Har ƙarshe.”

Ashe da saura: “Baiti ɗaya ya rage a waƙar da kika yi masa ta cika shekara sittin. Sai ya yi hawaye, za ki gani.”

Gwaggo ta banka ƙofar falo ba sallama.

“Kai da ka haddace Littafi, layi uku ya gagare ka?”

“Horo ne, Yaya. Allah ya ce a hori yaro.”

“A kan rabin magana? Ni na goya ka, ban taɓa dukanka ban ji bakinka ba! Inda ka zubar mata da mutunci, can za ka je ka kwaso.”

Ya ƙi. Shekara uku Auta ba ta rera ko baiti ba. Saƙo kuwa ta wayar Gwaggo yake shigowa:

“Muryata, piyano ya zama katako. Ina jira.”

Da iyayen mai piyanon suka zo neman aure, Gwaggo ta zauna bakin ƙofa ta miƙe ƙafa.

“Ba mai wucewa sai ubanta ya biya yarinyata mutuncinta.”

Ranar ɗaurin aure, kafin alkawari, dattijon ya tashi da tsohuwar wayar. Ya karanta har ƙarshe.

“Auta, ki yafe min.”

Amarya ta kalli angonta, ya zauna gaban piyano. Ta rera waƙar shekara sittin ga mai sittin da uku. Ya yi hawayen kuwa.

“Allah ya albarkace ku,” in ji Gwaggo. “In kun haihu, ku riƙa jin bakin 'ya'yanku kafin ku ɗaga hannu.”