Abin Da Na Ji A Ɗakin Gashi

"Kar ki motsa, ƙanwata. Ko yawu kar ki haɗiye sai na ce."

Ƙas! Ƙas!

Haka Anti mai kula da inji ta ɗaure mini fuska a jikin gadon. Wata roba ce mai huji-huji kamar raga, wadda suka ɗumama suka manna mini a makon jiya har ta ɗauki surar fuskata da wuyana. Yau ta bushe ƙamas, ta danne mini hanci, ta kama haɓata. Idanuna kawai ke iya juyawa.

Ranar farko ke nan ta gashi. Ciwon daji ne a maƙogwarona, likita ya ce injin nan zai riƙa ƙona shi kaɗan-kaɗan, kullum, har tsawon makonni.

"Anti... tsoro nake ji," na faɗa ta cikin robar, da 'yar dusasshiyar muryar da ciwon ya rage mini.

"Kowa da haka ya fara. Jiya wani ƙato mai gashin baki har uwarsa ya kira." Ta gyara mini kafaɗa. "Yanzu duk za mu fita, ba a zama da mai jinya idan inji yana aiki. Amma ina ganinki a talabijin, kuma akwai lasifika a saman kanki. In abu ya yi tsanani ɗaga hannu kawai, zan tsayar."

Ta sunkuyo, ta rage murya.

"Wannan dogon da ke safa da marwa a ƙofa, naki ne?"

Na lumshe ido alamar eh.

"To doka ta hana, amma zan shigar da shi wajena ya yi miki magana. Kar ki tona mini asiri."

Wallahi a lokacin ji na yi duk duniya ba wadda ta kai matar nan kirki.

Ƙatuwar ƙofar ta rufe a hankali. Ɗakin sanyi ƙarara, ga wani koren haske siriri ya ratsa ƙirjina, ni kaɗai kamar an manta da ni.

Sai lasifikar ta yi ƙara.

"Malama ta... kina jina?"

Injiniya! Ni ce na laƙa masa sunan, don firji da fanka kawai yake gyarawa, shi kuma yake ce mini Malama saboda yaran da nake koyarwa. A ajinmu muka haɗu, ya zo gyaran fankar da ya fi mako yana gyarawa ba ta gyaru ba, daga baya ya ce da gangan ne. Saura kaɗan aurenmu ciwon ya bayyana. Ranar da aka faɗa mana, a kan matakalar asibiti ya rantse ko bebiya zan koma shi ya gani yana so.

"Ga ki nan a talabijin, kin zama 'yar fim," ya ce. "Daure, abar ƙaunata. Ina nan, ba inda za ni."

Injin ya fara kewaya kaina yana gurnani. Ba zafi, ba komai. Na ce a raina, ashe abin da sauƙi.

Sai na ji an turo ƙofa a can wajensu, na ji takun takalmi, na ji muryar da ko a mafarki zan gane. Yayarsa ce. Tun da na kwanta ciwo sau ɗaya ta leƙo ni, shi ma da wata ƙawarta mai yawan fari da ido ta zo, wadda ta fi kallonsa a kan ni.

"Baiwar Allah, ba a shigowa nan," in ji Anti. "Ku matsa baya, idona na kan inji."

Idonta na kan inji da gaske. Maɓallin lasifikar ne ta manta ba ta kashe ba.

"Nan ka maƙale?" Yaya ta faɗa ƙasa-ƙasa, amma a kunnena kamar a kaina take tsaye. "Umma ta aiko ni. Ka faɗa mata ko ba ka faɗa ba?"

"Yaya, don Allah ba a nan ba..."

"A ina to? Dube ta fa! Wannan za ka kai gida? Muryar ma an ce ba lalle ta dawo ba. Kai amarya kake nema ko jinya? Umma ta ce ka zaɓa, ko ita ko yarinyar nan."

Da na ɗaga hannu, da Anti ta tsayar da komai. Hannun yana nan a gefena, lafiyarsa lau. Ban ɗaga ba. So nake in ji Injiniyana ya kare ni, in ji shi da kunnena, ko da shi ne abu na ƙarshe mai daɗi da zan ji a ɗakin nan.



Injin ya koma ɗaya gefen wuyana.

"Na riga na ce wa Umma na ji," ya ce. "Na haƙura. Amma ku bari ta gama gashin tukuna. In na faɗa mata yanzu ba za ta iya ba..."

"Innalillahi!" in ji Anti.

Ƙit. Lasifikar ta mutu.

Wanda bai taɓa kuka da fuska a ɗaure ba bai san kuka ba. Ba halin shessheƙa, ba halin haɗiyar yawu. Hawayen suka bi gefen idona suka cika mini kunne, ni kuwa ina kwance ƙyam, don an ce kar in motsa.

Da ƙofar ta buɗe, Anti ce ta shigo ita kaɗai. Ta kwance robar.

"Ƙanwata, ki yafe mini. Alheri na so in yi miki."

"Na motsa?" na tambaye ta.

"Ko kaɗan." Ta share mini kunne da auduga, nata idon ya kaɗa jawur.

A baranda na same shi, riƙe da mayafina da gorar ruwana, yana murmushin nan da ya sace ni tun farko. Yaya na can bakin ƙofar fita tana danna waya.

"Jarumata! Kin ga har an gama. Gobe ma ni zan kawo ki, jibi ma, har ranar ƙarshe."

"Daga ranar ƙarshen fa?"

Murmushin ya tsaya. Ya dubi Anti da ke bayana, ta sunkuyar da kai. Nan ya gane.

"Malama... ki saurare ni, Umma ce ta..."

"Na saurare ka ai. Ba ni da wani zaɓi, a ɗaure nake." Na tattaro ragowar muryata. "Yanzu an kwance ni. Ga ni, ga Yaya can. In abin da na ji ba shi ne a zuciyarka ba, faɗa da ƙarfi ta ji."

Ina sonsa. Allah ya sani a lokacin ma ina sonsa, kuma da ya buɗe baki ya yi ko ƙarya ce, da na karɓa da hannu biyu.

Ya buɗe bakin. Ya waiwaya ya dubi yayarsa. Ya rufe.

Na zare mayafina daga hannunsa a hankali.

"Je ka, Injiniya. Ba sai na gama gashin ba."

Na jira ya ce a'a. Gorar ruwan ya miƙo mini.