Kujerar Bayan Direba

Ni na buga takardar da hannuna, don haka kada wani ya ce min ƙanzon kurege ne. Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya da Akanta a sashen kuɗi na hukumar sufuri, tebur biyu, fanka ɗaya. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun haye shi. Abin ya ci masa rai har ya daina amsa gaisuwa.

Wata Talata da rana tsaka ya ajiye biro ya tafi wurin boka. Shi ya ba ni labarin daga baya, lokacin da ya rasa wanda zai faɗa wa. Ɗaki ne marar taga a bayan wani gareji na matattun motoci. A tsakiya baƙar tukunya ce an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, gefenta ƙaho cike da gashi, bango duk busasshen jini. Bokan ko kai bai ɗago ba.

"Kujerar darakta kake so."

"Ita fa."

"Kujera da kujera ake sayenta. Duk motar da ka sa hannu aka sayo, ta bayan direba tawa ce."

"Kuɗinta zan riƙa kawowa?"

"Ba na cin kuɗi. A bar min ita."

"In wani ya zauna fa?"

"Na waje, ba ruwana da shi."

Mutumin da ke bin takardar kwangila layi-layi bai tambayi na gida ba. Ya miƙa hatiminsa aka tsoma a tukunya.

Wata uku aka yi, darakta ya yanke jiki ya faɗi a ofis bai tashi ba, aka ba Akanta kujerar. Ya sa hannu aka sayo sababbin bas-bas arba'in. Gida ya zo, mota da direba suka zo, masu raina shi suka koma durƙusa masa. Sai ya ba ni sanarwa in buga: kujerar bayan direba ta hukuma ce, kada a sayar da tikitinta. Har na tsokane shi, "Ranka ya daɗe, aljanu za mu fara ɗauka?" Bai yi dariya ba.

Abin da ya manta shi ne halin direbobinmu. In ka ce abu na hukuma ne, a wurinsu na oga ne da iyalinsa.

Mahaifiyarsa ba ta son motar ofis, wai sanyinta na sa mata ciwon ƙafa. Ta shiga bas, kwandasta ya gane ta. "Haba Mama, motar ɗanki kuma ki tsaya a tsaye? Ga kujerarku." A tashar ƙarshe aka taɓa ta, ta riga ta yi sanyi.

Matarsa kuma motarta ce ta mutu a hanya, ta shiga bas aka ba ta kujerar. Ta sauka daga bas tana dariya. Har yau tana ɗaki a kulle, tana bubbuga ƙofa tana cewa akwai sauka.

Saura 'yarsa, ita kaɗai gare shi. Ya hana ta ko kallon bas, ya rubuta a soke sanarwar. Ina! Ta riga ta shiga kundin ƙa'idoji, sokewa sai kwamiti, kwamiti kuma ya ce a kawo dalili a rubuce. Me zai rubuta? Fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Ya koma wurin boka, ya tarar an rushe garejin. Ya daina zama ofis yana gadin 'yarsa, har aka sallame shi aka karɓe mota.

Ran nan ina cikin bas zan tafi aiki sai ga 'yar ta shigo da jakarta, za ta jarrabawa. Ita a ganinta dokar babanta girman kai ce kawai. Mota cike, kwandasta har ya fara goge mata kujera da hannun rigarsa.

Ban ga ta inda Akanta ya ɓullo ba. Ba takalmi, yana haki, ya fizgo ta baya.

"Baba, mene ne haka? Mutane na kallo."

"Ko ita ko kai, ranka ya daɗe," in ji kwandasta. "Ai taku ce."

Ya dubi kujerar, ya dubi 'yarsa, ya zauna. Ya ce mata, "Riƙe ƙarfen da kyau." A tashar ƙarshe mutum huɗu suka sauko da gawarsa.

Wallahi na yi kuka, amma shi ya kai kansa. Kai mai jin an danne ka a ofis, in haƙuri ya ƙare maka ka ajiye aikin, kada ka je inda ake sayar da kujera. Ba da kuɗinka za ka biya ba, da mutanen gidanka ne.

'Yar tana nan, ba wanda ya yarda ya faɗa mata sirrin kujerar. Fayil ɗin kuma yana kan teburina, ana jiran dalili a rubuce.