Wayar Inna Ta Yi Nauyi

Wata yarinya a Madarunfa ita ke riƙe wayar innarta, domin ita ta iya karatu. Babanta yana ci-rani a Najeriya, ta wayar nan yake aiko da saƙon murya.

Ran nan rubutu ya fito a fuskar wayar: "Mise à jour," wato a sabunta wayar. Ƙawarta Zahara'u ta leƙo.

"Danna mana! Yayana ya danna tasa, ta koma sabuwa fil."

Wa zai ƙi sabuwa fil? Yarinyar ta danna, ba ta tambayi kowa ba.

Wayar ta mutu, ta farfaɗo da launuka masu kyau. Amma fa ta zama malalaciya. A taɓa ta yanzu, sai an sha ruwa an dawo kafin ta amsa. Ga zafi, ga shan caji.

Washegari aka yi ruwan shuka. Maƙwabta duk suka fita gona. Inna kuwa tana jiran Baba ya faɗi gonar da za a sa gero da wadda za a sa gyaɗa. Saƙonsa ya iso, amma ya ƙi buɗuwa.

"Mi ya samu wagga waya?" in ji Inna. "Ƙasa tana bushewa fa!"

"Inna, sabunta ta na yi."

"To sabo ne ke tafiya haka?"

Yarinyar ta sake dubawa. Wayar ba ta faɗi ba, ba ta jiƙe ba. To me ya lalace? Kanta ya ɗaure, tsoro ya kama ta. Ta ruga lakwal, wato makaranta, wurin Mushe Yusuf, malamin ajinsu.

Mushe ya jujjuya wayar.

"Ba ta lalace ba. Akwai babban tsarin da ke tafiyar da komi a cikinta, shi kika canja. Sabon ya fi tsohon nauyi."

"Amma Mushe, ta yayan Zahara'u ta ƙara sauri."

"Tasa ta bana ce. Jakinku bai canja ba, kaya kika ƙara mishi."

"A maido tsohon mana."

"Wannan da wuya. Sai dai mu rage mata kaya."

Ya goge wasanninta uku da bidiyoyin waƙoƙin da ta tara. Ran yarinyar ya sosu ƙwarai.

Ta koma gida da gudu. Ta danna saƙon, wayar ta yi jim, sai ga muryar Baba: "Gero a gonar tudu, gyaɗa a ta bakin hanya. Ku yi maza!"

Inna ta saɓa kwandon iri tana murmushi.

"Inna, ki yi haƙuri. Ashe ba kowane sabo ne ke dacewa da tsohon abu ba. Daga yau, abin da ban gane ba sai na tambaya kafin in danna."

"Allah shi yi miki albarka. Ɗauko ƙwarya mu tafi."

Kafin la'asar, gero ya shiga ƙasa da sauran danshi.