Saƙon da Aka Goge

Ranar da direban ya sayo sabuwar na'urar waƙa, da la'asar sakaliya ya shigo da motarsa tsakar gida. Ya kira yayarsa Goggo, wadda ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ya kira 'yarsa tilo da suke ce wa Auta, wai su zo su gani. Abu bai kai tafin hannu ba, amma a cewarsa yana cin waƙa dubu goma.

"Kai da ba ka haddace ko uku ba," in ji Goggo.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ina tsohuwar?"

"Tana nan, na adana."

A cikin tsohuwar na'urar akwai muryar mahaifiyarta, saƙon da ta naɗa a gadon asibiti, ta ce kada a kunna wa yarinyar sai ta gama makaranta. Auta ta yi shekara tara tana jira, kuma a makon nan ta rubuta jarrabawar ƙarshe. Kullum ta tambaya sai uban ya ce gobe.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan rufin motar. Aka duba, babu kowa. Washegari uku suka faɗo, kuma lasifikokin motar suka riƙa fitar da numfashi alhali makulli na aljihunsa. A rana ta uku, rana na faɗuwa, Goggo ta tarar da Auta zaune a kujerar baya, idonta a kafe, jikinta sanyi ƙalau. Maza biyu suka kasa ɗaga ta.

Aka ɗauko malamin ruƙiyya, dattijo mai magana a hankali. Ya zauna a bakin ƙofar motar yana karatu, gidan ya yi tsit. Can sai wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. A ƙarƙashin kujerar nan nake tun kafin a yaye ta. Ka tambayi wancan ina muryar matarsa."

Direban ya sunkuyar da kai.

"Da fari kullum sai ya kunna, yana tuƙi yana kuka, ina saurare," in ji aljanar. "Daga baya ya daina. Ran nan ya ba da tsohuwar na'urar musaya. Mai shago ya tambaye shi, akwai abin da za a kwafe kafin a goge? Hankalinsa na kan sabuwar, ya ce babu. Yana da wurin waƙa dubu goma, bai bar mata wurin minti biyu ba."

Goggo ta dubi ƙanenta.

Malam ya ce, "Wannan tsakaninsa ne da 'yarsa. Ke dai fita za ki yi."

"Zan fita, ba zan dawo ba. Amma ni kaɗai na haddace saƙon. Ka bar ni in faɗa sau ɗaya. Kuma kada wanda ya taɓa waya don ya naɗa, na ga yadda kuke yi da amana."

Malam ya gyaɗa kai.

Sai muryar marigayiyar ta fito, da ɗan tarin nan nata, ta kira 'yarta da sunan da ita kaɗai ke kiranta da shi. Ta yi magana minti biyu. Goggo na ta sharɓar kuka. Kowa a gidan ya ji, ban da wadda aka yi wa saƙon, don ba ta cikin hayyacinta.

Auta ta yi atishawa sau uku ta farfaɗo. Malam bai ɓoye mata komai ba. Ta daɗe tana kallon ubanta, shi kuma ya matso yana share ido.

"Auta, bari in gaya miki abin da ta ce."

Ta janye hannunta daga nasa.

"Goggo, ke ki faɗa min," ta ce. "Shi ban san abin da zai rage ba."