Hotunan Baba Ndaliman

Rukayat na zaune a tsakar gidansu a unguwar Tunga, wayarta mai fasasshen gilashi a hannu, mahaifiyarta Nna na tsintar shinkafa tana mitar cewa wayar nan za ta cinye mata ido kafin aure. Wata uku ke nan tana gina shafinta na intanet da wannan ƴar wayar, ba kwamfuta, ba malami, sai data da naci.

Mahaifinta marigayi Ndaliman maƙerin tagulla ne ɗan Bida. Kafin a raba gadonsa dangi su watse da kayan, ta ɗauki hoton kowace buta da kowane tire da ya ƙera, ta haɗa da nasa guda ɗaya da ta ɗauka tun yana raye, yana riƙe da guduma. Amma wayar ba ta da wuri, don haka duk hoton da ta ɗora a shafin sai ta goge shi daga wayar, ta samu gurbin na gaba. Da ta gama, babu inda hotunan suka rage a duniya sai shafin.

Ubaidullahi, wanda aka sa musu rana, shi ya ba ta shawarar ta sa lambarta a ƙasa, masu son kayan tagulla su kira, ita kuma ta haɗa su da kawunta Kudu da ke ƙira a Bida. Da yatsansa ya rubuta lambar, yana dariya yana kiranta manaja.

Saura sati uku biki yayarsa Sa'adiya ta ga shafin. Ita kuwa Sa'adiya ko allura ta gani sai ta mai da ita garma. Kafin la'asar ta gaya wa Hajiyarsu cewa amarya ta baza lambarta kowane ƙato na kira.

Aka kira Rukayat gidan su Ubaidullahi a unguwar Sauka Kahuta. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, Ubaidullahi na gefe yana kallon tabarma.

"Goge shafin nan yanzu a gabana," in ji Hajiya.

Rukayat ta ce za ta cire lambar nan take, ta roƙi a bar sauran. Sa'adiya ta ce ai wanda ya sa yau zai mayar gobe, gaba ɗaya za a goge.

"Hajiya, hotunan Babana ne. In na goge, ba ni da wasu." Ta juya. "Ubaidu, gaya musu wanda ya rubuta lambar."

Ya ɗaga kai ya dubi uwarsa, ya sake sunkuyarwa. "Ki yi abin da Hajiya ta ce kawai."

Wannan maganar ta fi ta Sa'adiya ciwo. Rukayat ta buɗe shafin, fuskar mahaifinta ta bayyana a bayan tsagin gilashin. Ta daɗe tana kallo, hawaye na ɗiga a kan wayar. Sannan ta saka ta a jaka, ta ce Hajiya ta yafe mata, ba za ta iya ba. A Keke Napep ta yi kukanta har Tunga. Bayan kwana biyu aka aiko karɓar lefe, unguwa ta samu abin taunawa, wai ta zaɓi waya ta bar miji. Nna ba ta yi mata faɗa ba, ta dai ce ta nuna mata hoton nan mai guduma.

Rukayat ta haƙura ta riƙe shafinta. Cikin shekara guda maƙerar Kawu Kudu da ta kusa mutuwa ta farfaɗo, ana kira daga Abuja da Kaduna, masu gulmar jiya suka koma tambayar yadda ake buɗe shafi.

Wata safiya saƙo ya shigo daga lambar da ta sani sarai. Sa'adiya ce, ba kunya, tana son tire da buta irin na hoto na bakwai, na sabuwar amaryar ƙaninta Ubaidullahi, ta ji an ce nan ne ake samun na gaske. Rukayat ta sa Kawu ya ƙera mafi kyau, ta aika.

Nna ta tambaye ta ko ba ta ji haushi ba.

"Na ji, Nna. Amma gara da na gane halin Ubaidu kafin a ɗaura."

Gaskiyarta. Ƴan mata, ku lura da wanda ke muku daɗin baki a zaure. In ba zai iya faɗin gaskiya ɗaya tak saboda ku a gaban mahaifiyarsa ba, to ba zai iya riƙe ku ba. Rukayat ta rasa miji, ciwon bai gama warkewa ba, amma har yau in ta buɗe wayarta tana ganin Babanta da gudumarsa.