Azara Bakwai

Ranar Laraba ce, ƙarshen bazara. Hadari ya haɗu a gabas tun la'asar, ya tsaya bisa duwatsun Roni, bai zubar ba, bai watse ba. Iska ta ɗauke. Ko ganyen darbejiyar ƙofar gida ba ya motsi.

Daudu yana zaune a tsakar gida kan buzu, ya yi alwala, yana jiran kiran magariba. Idonsa na kan rufin ɗakinsa. Kwana shida ke nan da kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, kwano sabo fil, yana ɗaukar ido ko a wannan duhun hadarin. Matarsa Dela tana tuƙa tuwo a madafa. 'Yarsa Asma'u, mai shekara goma sha biyar, tana kora kaji akurki.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon. Ƙara ɗaya, kamar harbin bindigar toka. Kajin suka watse.

Daudu ya ɗauki sanda ya fita. Lungu babu kowa. Ya zagaya bayan gida, sai awaki. Ya dawo, bai kai ga zama ba na biyu ya sauka, na uku ya biyo shi, ya gangaro ya faɗi gaban ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗauka. Ba dutse ba ne, busasshen hoge ne mai jirwayen makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da shi, a jikinsa. Ya san ƙasar nan. Ta tsohon rufin da ya sa aka kware ce, wadda aka kwashe aka zubar a kududdufi, can bayan gari. Kuma da ɗumi ya ji ta a hannunsa.

Dela ta fito riƙe da muciya.

"Malam, sai da na faɗa maka."

"Koma ki duba tuwonki."

Ga abin da ta faɗa masa, ga kuma yadda aka yi.

Ɗakin nan soron mahaifin Daudu ne. Manyan azara bakwai na giginya ke ɗauke da rufinsa, sun yi baƙi da hayaƙi, gara ba ta taɓa su ba. Daudu ne babba, shi ya gaji gidan. Ƙanensa Sama'ilu, wanda aka kai makarantar boko aka bar Daudu da garma, malamin gona ne a Kazaure. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ya zo da babur, ya gina gida a bakin titi, gaba da masallacin Juma'a, ya rufa shi da kwano. Shi ne na farko a unguwar.

Daudu ya je ya sa albarka. Amma tun daga ranar, kowace yamma sai ya jingina tsani ya hau soro, wai yana duba indararo. Daga can ake hango kwanon Sama'ilu idan rana ta yi ja. Yakan daɗe a tsaye. In ya sauko ba ya iya cin tuwo da yawa.

Wata rana a kasuwa wani baƙo ya tambayi waye wannan dattijon. Aka ce masa, "Yayan mai gidan kwano ne." Daudu na ji. Shekara hamsin ana kiransa da sunan ubansa, yau an koma kiransa da rufin ƙanensa. Sati bai zagayo ba ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa.

Dela ta ce, "Rufin nan bai taɓa yoyo ba. Ga damina a ƙofa, da me za ka yi huɗa?"

Ya ce, "Na gaji da yaɓe duk shekara."

"Yaɓen yini ɗaya? To, in ka dage, a yi sallama tukuna."

A garin nan ba a kware rufin tsohon ɗaki haka kawai. Mai gida kan tsaya a bakin ƙofa da magariba, kwana uku a jere, ya yi sallama, ya ce wa waɗanda ba a gani za a buɗe ɗakin, duk mai zama a ciki ya nemi wuri. Sai a rana ta huɗu a sa magirbi. Sama'ilu ma, da bokonsa, sai da ya yi wa tsohuwar bukkar da ya tarar a filinsa.

Amma Halliru kafinta ya ce kwana uku kawai yake da su, kuma ranar Juma'a Sama'ilu ke dawowa daga Kazaure. Daudu yana so ya zo ya tarar an gama.

"Ban ga wanda zan yi wa sallama a ɗakin ubana ba," in ji shi. Aka hau da asuba.

Ranar Juma'a Sama'ilu ya zo gaisuwa. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ce, "Allah Ya sanya albarka, Yaya." Shi ke nan. Sai ya juya ga azarar da aka jibge a lungu, ya shafa ɗaya da tafinsa.

"Waɗannan fa, Yaya, kana bukatarsu?"

"Kwashe. Mu mun wuce nan."

Ya turo amalanke aka kwashe. Daudu ya kwana da ɗaci a baki. Shanu biyu, kallo ɗaya.

Jifan bai tsaya a ranar Laraba ba. Kullum da ladan ya ɗaga murya sai ya fara, ba ya yankewa sai an idar da isha'i. Maƙwabta suka taru suka yi gadi, wasu kan katanga, wasu a lungu. Ba su ga hannu ba. Hogen kamar daga sama yake saukowa, a miƙe. Kwanon da ake hangowa daga nesa ya fara lotsewa.

Daudu ya ce wa Dela, "Hassada ce. Ya ga na kamo shi, ya kasa haƙuri."

"Wa?"

"Kin san wa."

Ta dube shi, ta koma madafa.

A yamma ta huɗu aka ji muryoyi. Can sama, tsakanin bango da kwano, kamar yara ƙanana na kuka a hankali, wata tsohuwa na rarrashinsu. Masu gadi suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

A ta bakwai, Asma'u ta ɗauko akushin tuwon babanta za ta kai masa ɗaki. Ƙafarta ɗaya ta haye dokin ƙofa, sai ta saki akushin ta ƙwalla ƙara. "Wuta! Yana ƙona ni!" Ta ja da baya da rarrafe har gindin rumbu, ta cusa kanta ƙarƙashinsa. Daga nan ba ta sake yarda ta shiga inuwar kwanon ba. Ba ta ci, ba ta magana. Rana ta same ta a nan, yamma ta same ta a nan. Da Daudu ya duƙa zai jawo ta, ta ɗago ido ta dube shi, da wata murya ta tsohuwa ta ce, "Cika ni, Daudu."

Yarinyar da ko sunan mai sunansa ba ta faɗa. Ya sake ta. Ya koma kan buzunsa ya zauna.

Dela ba ta nemi izini ba. Ranar Juma'a ta aika wa Sama'ilu. Ya hau babur ya tafi Gwiwa, kafin rana ta faɗi ya dawo da Malam Muhammadu Lawal a bayansa, wani siririn tsoho mai farin gemu da gafaka a rataye. Daudu ya ga wanda ya kawo malamin, ransa ya ɓaci, amma ya dubi gindin rumbu ya haɗiye.

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da yarinyar. Ya murza ganyen magarya a ƙwarya da ruwa, ya fara karatu a hankali. Ladan ya kira salla. Yau babu jifa. Shirun ya fi jifan nauyi. Hadarin nan dai yana nan a gabas.

Ya yayyafa mata ruwan. Ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi.

"Assalamu alaikum," in ji Malam.

"Wa alaikumus salam. Kai ka san sallama. Wancan bai sani ba."

"Wace ce ke?"

"Musulma ce. Ina cikin azarar nan tun kafin a yanke wa wannan cibiya. Ni na kore masa kunama daga shimfiɗa yana jinjiri. Da asuba, ina tsakiyar salla, suka buɗe mana sama. Suka shimfiɗa ƙarfe. Mu ba mu zama ƙarƙashin ƙarfe. 'Ya'yana biyar suna kan katanga, rana na gasa su, shi yana kwance cikin sabon ɗaki yana juyi. Shi ya fi mu jin daɗi a ɗakin da muka riga shi?"

"Yarinyar me ta yi miki?"

"Ba komai. Ɗakin da na samu a buɗe na shiga."

Malam ya juya. "Malam Daudu, ba ka yi sanarwar kwana uku ba?"

Daudu ya sunkuyar da kai. "Yoyo yake yi, Allah gafarta Malam. Na yi sauri ne saboda damina."

Dariya ta fito daga bakin Asma'u, busasshiya.

"Yoyo! Shekara sittin ɗigo bai taɓa ni ba. Ka tambaye shi me yake hawa nema a kanmu kowace yamma. Muna jin tafinsa. Ya tsaya yana kallon gidan ƙanensa, yana cewa, 'Wannan yaron da na goya.' Har ranar da aka yi iska ya ce da ma ta yaye masa shi. Ban yi ƙarya ba, Daudu?"

Sama'ilu na tsugune a bakin zaure, ya kafa idonsa a ƙasa. Daudu ya ji da ma jifan ne ya dawo.

Malam ya ce, "Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Me kike so ki fita?"

"A cire ƙarfen."

"Ba za a cire ba. Gidansa ne, dukiyarsa ce."

"To na zauna a nan. Ɗakin nan ya ishe ni."

Malam ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya sandare, ta yi ta haki, Dela ta toshe bakinta da gyale. Can muryar ta ce, "Tsaya! A yanka mini baƙin sa."

"Kin ce ke musulma ce. Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kuma mai gidan ba shi da sa yanzu, kin fi ni sani."

Da muryar ta dawo, ta yi laushi, kamar ta mai gajiya.

"Azarata nake so. Bakwai ɗin. A rufa mana ɗan ɗaki bayan rumbu, ko kamu shida ne, da ƙasa da makuba. Kada a sa ƙusa ko ɗaya. Kafin ruwan can ya sauko, 'ya'yana ba za su jure duka ba."

"An zalunce ki, wannan haƙƙinki ne. Malam Daudu, ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Ke kuma ki rantse ba za ki dawo jikinta ba."

Ta rantse. Sannan ta ce, "In ruwa ya riga shi, rantsuwata ta warware." Asma'u ta yi atishawa uku, ta zube kan tabarma. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Da Sama'ilu zai mayar da Malam masauki, ya tsaya nesa kaɗan da yayansa, bai dubi fuskarsa ba.

"Yaya, gobe zan turo amalanke da azarar."

Daudu ya juya ya shige ɗaki.

Washegari, da aka fito sallar asuba, bai koma gida ba. Ya miƙe bakin titi. Shekara guda rabonsa da shiga gidan nan. Ya yi sallama, ya shiga. Ya tarar da shimfiɗar Sama'ilu a tsakar gida, ƙarƙashin wata rumfar kara, gidan sauro a rataye. Azarar na jingine a bango, an ɗora su kan duwatsu don gara.

"A nan kake kwana?"

Sama'ilu ya sosa ƙeya. "Tun shigowar zafi, Yaya. Ɗakin can tanda ne. Na so in yi ɗan soro da su ne, irin na Baba, in riƙa samun barci."

Daudu ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Daga ƙasa bai da wani ƙyalli. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire rigarsa, ya naɗe ta gammo a kafaɗa.

"Ɗora mini."

"Yaya, amalanke na zuwa."

"Ɗora mini, na ce. In lokacin huɗa ya yi, ka ara mini shanun ofis ɗinku, in ana bayarwa. Giginyar gonata kuma ka sa a sare maka biyu, ka yi soronka."

Sama'ilu ya ɗora masa. Ya fito da azarar a kafaɗa, ya bi ta gaban masallaci, inda dattawa ke zaune ba su watse ba. Wani ya ce, "A'a, Daudu, mai gidan kwano da kansa? Ina zuwa da tsohon itace?"

Daudu ya dubi gabas, ya ga hadarin ya ƙara duhu, ya ƙara sauri. Saura shida.